Takarda Cikin Sha'anin Neman Labarin Kakanni Masu Taɗawwu'i, Waɗanda Ba a Rubuta Su Cikin Diwani Ba

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Masanin wanda ya fita da wanda ya zauna. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Amma bayan haka, wannan takarda ce zuwa ga almajiranmu na Kawo da Hayin Banki da Unguwar Dosa da Rigachikun, da duk wanda ta isa gare shi, cikin sha'anin mai neman labarin kakansa wanda aka ce ya yi yaƙi, alhali shi ba bawan sarki ba ne, ba kuwa mai sarauta ba, mutumin gari ne da ya ɗauki baka ya fita sa'ad da aka buga gangami. Tambaya a kan wannan ta yawaita, domin Kaduna gari ne na taruwa. Gwamna Lugga ya zaɓe ta, aka ɗauke mazaunin mulki daga Zungeru aka kawo nan, aikin ya cika cikin 1917, a ƙasar Gbagyi waɗanda Hausawa ke kira Gwari. Mafi yawan gidajenmu sun baro kabarin kakansu a wani wuri, labari kaɗai suka ɗauko, labari kuwa in ya yi tafiya shina ƙara ƙiba a hanya.

Fasali cikin rabuwar runduna

Ku sani, Allah shi fahimtar da mu da ku, malamai sun raba runduna kashi 2. Imamu Mawardi, wanda ya rasu shekara ta 450 daga hijira, ya bayyana wannan cikin Ahkamus Sulɗaniyya. Akwai ma'abota diwani, su ne waɗanda aka rubuta sunansu, suna da rabo sananne daga baitulmali, yaƙi shi ne sana'arsu. Akwai kuma masu taɗawwu'i, mutanen birni da ƙauye da daji, waɗanda ke fita in an yi kira, in an ƙare su koma ga gonakinsu da rininsu da saƙarsu. Ma'anar mai taɗawwu'i ke nan: wanda ba shi cikin diwani. To wanda ya tafi neman sunan kakansa mai taɗawwu'i cikin littafin runduna, ya tafi neman kifi a tudu, rashin samunsa kuwa ba shi zama hujja a kan cewa kakan bai fita ba.

Wannan tsohon abu ne. Sayyidina Umaru ɗan Haɗɗabi shi ya fara ajiye diwani, ya sa masana nasaba, Aƙilu ɗan Abu Ɗalibi da Makhrama ɗan Naufal da Jubairu ɗan Muɗ'imu, suka rubuta mutane bisa ƙabilunsu. Gabanin wannan babu. Ka'abu ɗan Maliku, cikin labarin zamansa ga barin yaƙin Tabuka shekara ta 9, ya ambata cewa jama'a ta yi yawa, babu littafin da ya tara sunayensu, har wanda ya so ɓuya shina zaton ba za a gane ba. Kuma sa'ad da labarin Nahawandu ya zo Madina shekara ta 21, manzo ya lissafa wa Umaru manyan da suka faɗi, tun daga Nu'umanu ɗan Muƙarrin, sa'an nan ya ce akwai wasu da Sarkin Musulmi bai san su ba. Umaru ya yi kuka, ya amsa masa da cewa rashin saninsa ba shi cutar su, tun da Allah ya san su. In an rasa sunayen wasu a zamanin sahabbai, da yawan masu kiyayewa, ina ga ɗan baka na wani ƙauye a gabashin Zazzau?

Fasali cikin abin da littattafanmu suka kiyaye

Jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah shi yarda da shi, farkon al'amarinta duka taɗawwu'i ne. Ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu cikin Zulƙi'ida 1218, wato 1804, aka yi Tabkin Kwatto cikin Rabi'ul Awwal 1219, ba baitulmali, ba albashi, malamai ne da almajirai da makiyaya da manoma. Muhammadu Bello ya rubuta labarinsu cikin Infaƙul Maisuri, Abdullahi ya rubuta cikin Tazyinul Waraƙati. Ku dubi Tsuntsuwa. An ambaci waɗanda suka yi shahada nan wajen 2000, cikinsu 200 mahaddata Alƙur'ani ne. Sunaye nawa aka kawo? Kaɗan, na manyan malamai da shugabanni. Saura adadi ne kawai. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ya yi ƙoƙari cikin Raulul Jinani, ya lissafa mutanen da ke kusa da Shehu, ladanansa da marubutansa da masu yi masa hidima, amma wannan lissafin na ƙofar gida ne, ba na sansani ba.

Masu tuta kuwa sanannu ne, ba su ɓoyuwa: Malam Musa na Zazzau, da Sulaimanu na Kano, da Ummarun Dallaje na Katsina, da Isiyaku na Daura, da Yaƙubu na Bauci, da Buba Yero na Gombe, da Modibbo Adama, da Malam Zaki na Katagum, da 'yan'uwansu. Kadan ka ji gida ya ce kakansu Shehu ya ba shi tuta da hannunsa, ba shi kuwa cikin waɗanda aka sani, to ka yi hankali. Ya yiwu ya tafi ƙarƙashin tutar wani, jikoki suka miƙa masa ita.

Bayan jihadi sai zamanin ribaɗi. Bello ya ga iyaka ba ta tsaruwa da runduna mai tafiya ta komo, sai ya zaunar da mutane cikin garuruwa masu ganuwa, su yi noma, su yi karatu, su tsare hanya. Shi kansa ya zauna Wurno, can ya rasu cikin 1253, wato 1837, can kabarinsa yake. Waɗanda suka biyo shi suka bi wannan sunna, Ahmadu ɗan Atiƙu a Cimola, Maiturare a Gwadabawa. Mutumin ribaɗi manomi ne da damina, mai tsaro ne da rani, babu kuwa wanda ke rubuta sunansa ko sau ɗaya.

Amma abin da ya fi shafar gidajen da suka zo Kawo daga ƙasar Zazzau shi ne fitinar Ningi. Malam Hamza ya fita daga Tsakuwa ta ƙasar Kano wajen 1846, saboda jayayya a kan kuɗin ƙasa, ya shiga duwatsun Ningi, ya haɗa kan mutanen duwatsu. Waɗanda suka gaje shi, Ɗan Maje da Haruna da Ɗan Yaya, suka riƙa kai hari Kano da Bauci da Zazzau har zuwan Nasara. Zamanin Sarkin Zazzau Sambo abin ya tsananta, har suka iso kusa da birnin Zariya suka kwashi mutane. Sarki da baradensa da 'yan lifidinsa ba su iya tsare kowane ƙauye. Sai kowane gari ya tsare kansa: a gyara ganuwa bayan kaka, a yashe gwalalo, a dasa sarƙaƙiya, a sa masu gadi bisa ƙofa, in an hangi ƙura a yi kururuwa a buga ganga, maharba da 'yan baka da maƙera da almajirai su fito. Hukuncinsa a fiƙihu sananne ne gare ku, cewa in abokan gaba suka auka wa gari, tunkuɗe su ya zama farilla a kan kowane mai iko, ba a jiran izinin uba. Waɗannan su ne masu taɗawwu'in ƙasarmu. Kada ku gama su da 'yan bindigan da Sarki Yero ya tara bayan Sambo, domin waɗancan bayin sarki ne, a ƙofarsa suke ci.

Fasali cikin yadda ake auna labarin gida

Farkon abin da za ka yi, ya ɗana, ka ƙidaya iyaye. Ibnu Khaldun, wanda ya rasu 808, ya ajiye ma'auni cikin Muƙaddimarsa: kowace shekara 100 tana ɗaukar uba 3. In lissafinka ya gaza wannan da yawa, an zubar da wasu sunaye, in ya zarce, an ƙara. A ƙasarmu ana sassauta ma'aunin kaɗan, domin tsoho shina haihuwa da amaryarsa shina da shekara 60, amma ba shi karyewa gaba ɗaya.

Ga misali, don mas'ala ta zauna. Wani almajiri na wannan unguwa, haihuwar wajen 2000, ya kawo da'awar gidansu, cewa kakan kakansa ya riƙe tuta ranar Tabkin Kwatto. Danginsa suna nufin su rubuta wannan cikin salsalar gida, su kai wa hakimin garinsu na asali don neman wata sarauta. Aka ƙidaya: shi, ubansa, kakansa, uban kakansa, kakan kakansa. Uba 4 ke nan, wajen shekara 133. Ka cire daga 2000, ka faɗa wajen 1867. Ko an ƙara masa shekara 30 don tsufan haihuwa, an haife shi ne shekarar da Bello ya rasu. Wanda ya ja baka a Tabkin Kwatto kuwa sai an haife shi wajen 1785 ko gabanin haka. Da'awa ta faɗi tun ba a buɗe littafi ba.

Amma faɗuwar da'awa ba faɗuwar mutumin ba ce. Gidan suna da takobi, da rigar layu da ta tsufa, da gafaka mai Ishiriniya rubutun hannu. Takobi ba shi shaida, domin ruwan takubba da yawa daga Turai ake kawo su ta hamada, a yi musu ƙota da kube a nan, ana saye, ana gado, ana jinginarwa, ba ya faɗin hannun da ya riƙe shi. Rigar layu ta fi shi magana kaɗan, don maharbi da mayaƙi ke sa ta, sai dai ba ta faɗin shekara. Saura littafi.

Ku koyi duban littafi ta bayansa. A ɗaga takarda ga hasken rana. Tasu ta nuna alamar jinjirin wata 3, irin takardar Italiya da fatake ke kawowa ta Tarabulus, ita ce mafi yawan takardar malaman ƙasar nan a wancan ƙarni. A ganyen ƙarshe, bayan tammat, akwai layi 2 da wani hannu dabam, da tawada mai ja-ja. Mai littafin ya rubuta haihuwar ɗansa, ya ce an haife shi shina bisa ƙofar gabas tare da 'yan baka saboda Ningawa, bai ga yaron ba sai ranar suna. Ya rufe da ramzi, harafi 2, shinun da sinun.

Nan ne wurin zamewa. Almajirin ya yi karatu da littattafan bugun Masar, ya lissafa bisa hisabin mutanen gabas, shinun 300, sinun 60, ya sami 360, ya ce wannan ba shekara ba ce, ya bar shi. Malamanmu kuwa hisabin Magariba suke bi, kamar yadda suke bin rubutunsu da ƙira'ar Warshu. A wurinsu shinun 1000 ne, sinun 300. Shekara ta 1300 ke nan, wadda ta fara ƙarshen 1882 ta ƙare cikin 1883. Zamanin Sambo ne a Zazzau, zamanin Haruna ne a Ningi. Ita ce kuma shekarar kan ƙarni, lokacin da zancen Mahadi ya cika ƙasa, Muhammadu Ahmadu ya bayyana a Sudan, Hayatu ɗan Sa'idu jikan Bello ya karɓa masa a Adamawa. Ina ganin shi ya sa malamai da yawa suka kula da rubuta ta.

Sunan ɗan da aka haifa ya dace da sunan uban kakan almajirin, ƙidayar iyaye kuma ta karɓe shi. Sa'an nan aka aika ga wata tsohuwa ta dangin, wadda ke zaune garinsu, aka tambaye ta ba tare da an gaya mata abin da ke cikin littafi ba. Wannan sharaɗi ne, kada ku sake shi: in ka ba tsoho amsa cikin tambaya, zai mayar maka da ita don kunya da son faranta maka. Ta ce ta ji daga kakarta, cewa gidansu ake kira gidan ƙofa, gonarsu kuwa ita ce ta jikin ganuwa ta gabas, dagaci ya bar musu ita saboda tsaro. Ba ta san Tabkin Kwatto ba, ba ta taɓa jin tuta ba. Zancen tuta a Kaduna aka haife shi.

To ga hanyoyi 3 da ba su haɗa baki ba, rubutu, da ƙidaya, da riwayar tsohuwa, sun taru a kan abu ɗaya. A wurina wannan ya fi tutar ƙarya daraja nesa. Mutum ne mai karatun Ishiriniya, ya bar matarsa kan gwiwa ya tsaya ƙofa don kada a kwashi 'ya'yan Musulmi a sayar. Ba shi dai kawo sarauta, shi ya sa wasu cikin dangin ba su yi murna ba.

Fasali cikin sojan Nasara

Wannan babi ba ya buƙatar tsawo, don shi ne mai sauƙi. Lugga ya kafa rundunar Nasara ta yammacin Afirka cikin 1897, mafi yawan dakarunta Hausawa ne da Yarabawa da maƙwabtansu. Su ma'abota diwani ne na sosai, kowa da lambarsa. Sun yi Kamaru daga 1914 zuwa 1916, sun yi Afirka ta Gabas, sun yi Bama cikin yaƙin Hitila. Barikin Dalet da ke nan Kawo da barikin Kalapanzin sunayen wurare ne na ƙasar Bama. Wanda kakansa soja ne shi nemi takardar sallama da lambar yabo, domin lambobin farko ana zana suna da lambar mutum a gefensu. Sai dai marubutan Nasara suna rubuta mutum da sunan garinsa, wane Kano, wane Zariya, wane Katsina, sai ka sami mutum 10 da suna ɗaya. Lamba ce ke rabewa.

Abin da ke da nauyi shi ne wannan. Kano ta faɗi cikin Fabrairu 1903, aka yi Giginya a Sakkwato ran 15 ga Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya fita hijira ya nufi gabas, talakawa suka bar garuruwa suka bi shi, babu wanda ya rubuta su. Aka riske su a Burmi ran 27 ga Yuli, cikin 1321, ya faɗi shi da fiye da mutum 600 bisa lissafin Nasara kansu, ɗansa Mai Wurno ya wuce Sudan da sauran jama'a. Waɗanda suka yi harbi ran nan daga ɓangaren Nasara, mafi yawansu 'yan ƙasar nan ne. Kadan gida ya ce kakanmu ya halarci Burmi, suka fito maka da lambar azurfa mai shekarar 1903 don shaida, to ka san ta wane ɓangare ya halarta. Attahiru bai raba lambobi ba. Ka faɗa musu da taushi, amma ka faɗa.

Gidan ajiyar takardun gwamnati na Kaduna shina da rahotannin da jami'an Nasara suka rubuta sa'ad da suke kewaya gundumomi don ƙiyasta haraji. Cikinsu akwai asalin ƙauyuka, da jerin dagatai, da ambaton garin da hari ya ci ko ya tashi. Gidan Arewa kuma, gidan Sardauna na dā, wanda aka mayar wurin binciken tarihi cikin 1970, shina da takardun Larabci da ajami. Ku tafi, sai dai ku tafi neman garin da shekarar, ba sunan kakan ba. Ku tuna kuma mai rahoton baƙo ne, ta bakin tafinta ya ji, dagaci kuwa ya gaya masa abin da zai tsare rawaninsa.

Fasali cikin abin da za a rubuta

Ba kowace fita ce jihadi ba. Abdullahi ɗan Fodiyo da kansa, tun Shehu na da rai, ya ga son duniya ya shigi runduna, ya bar ta ya nufi gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi, nan ya wallafa musu Liya'ul Hukkami. In haka ne a farkon al'amari, yaya ƙarshensa? Cikin ƙarshen ƙarnin, fita da yawa daga Zazzau zuwa kudu neman bayi ne, Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora kuwa bai bar arne ba bai bar Musulmi ba, har Sarki Kwasau ya nemi Nasara su tsare masa ƙasa. An yi kuma basasar Kano tsakanin Tukur da Yusufawa daga 1893, Musulmi da Musulmi. Wasu cikinku, in sun bi salsalarsu da gaskiya, za su sami kakansu cikin waɗanda aka kamo, ko cikin mutanen Abuja da suka bi Makau bayan Malam Musa ya shiga Zariya cikin 1808, ko cikin mutanen duwatsu da suka tsare kansu. Duka a rubuta yadda yake. Hadisi ya tsananta a kan wanda ya jingina kansa ga wanin ubansa shina sane, ban ga bambanci mai yawa ba tsakaninsa da wanda ya ɗinka wa ubansa rigar wani.

Kada ku yanke wa mutum shahada. Imamu Buhari ya ƙulla babi a kan hana wannan cikin Sahihinsa. Ku ce an kashe shi a wuri kaza, muna yi masa fatan shahada.

In za ka rubuta, ka bi hanyar ma'abota hadisi. Ka rubuta wanda ya gaya maka, da shekarunsa, da wanda shi ya ji daga gare shi, da ranar da ka ji, da wurin. Abin da ka gani da idonka cikin takarda ka ce na gani, abin da aka gaya maka ka ce an gaya mini, abin da ka fitar da hankalinka ka ce ina rinjayar da kaza, kada ka zuba su cikin ƙwarya ɗaya. Ka fara da tsofaffin mata gabanin maza, domin su ke riƙe da sunayen yanka da laƙabi da wanda ya auri wance, ba su kuwa neman rawani. Ka tambayi maroƙan garin kirarin gidanku, ka karɓi sunaye daga gare su, ka bar musu adadin waɗanda aka kashe. Littafin da ka samu cikin gafaka, ganyensa a sake yake, kada ka jera shi bisa son ranka, ka bi kalmar da marubuci ya ajiye a gindin kowane shafi, ita ce farkon shafin da ke biye. Ka ɗauki hotonsa da waya, gaba da baya, har gefuna da ganyen da kake zaton fanko ne, sa'an nan ka mayar da shi ga ma'abotansa, ka ajiye shi nesa da ƙasa saboda gara.

Tammat, da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. An rubuta a Kawo. Allah shi gafarta wa mai rubutu, da mai kwafa, da mai karatu, da iyayensu. Amin.